AHMED MUSA YA SAUKA: INA TSANIN DA YARAN KUDANCIN KADUNA ZA SU HAU?

Daga Wakilinmu na Arewa, Kafanchan

A tsakiyar watan Disamba na 2025, ana saura kwanaki kaɗan a buɗe gasar cin Kofin Ƙasashen Afirka a Maroko, sai Ahmed Musa ya ba da sanarwar cewa ya yi ritaya daga buga wa Nijeriya ƙwallo, bayan ya shekara 15 yana sa rigar ƙasa. Labarin bai ba kowa mamaki ba, domin an kwana biyu rabon da masu horar da Super Eagles su dogara da shi a wani babban wasa. Amma duk da haka sai da maganar ta daɗe tana yawo a nan Kafanchan, daga teburin mai shayi zuwa tashar mota, daga majalisar 'yan acaɓa zuwa gidajen kallon ƙwallo, kai ka ce wani ɗan unguwa ne ya bar aiki.

Abin da ya ja hankalina shi ne, yawancin masu wannan hira ba su taɓa ganin Ahmed Musa ido da ido ba, a talabijin kawai suka san shi. Shi ba ɗan Kudancin Kaduna ba ne, kuma bai taɓa buga wa wata ƙungiya ta wannan jiha ba. To, me ya sa saukarsa ta taɓa mutane haka? Na zauna na saurare su, manya da yara, kuma abin da na fahimta shi ne, bayan yabo da sukar da ake yi wa ɗan wasan, akwai wata damuwa da ke ƙarƙashin hirar. Mutane sun ga yadda ɗan talaka daga Jos ya hau tsani mataki-mataki har ya kai ƙololuwa, sa'an nan suka waiwaya suka duba nasu yaran, suka ga babu irin wannan tsani a gabansu.

TARIHINSA A TAƘAICE

An haifi Ahmed Musa a Jos ran 14 ga watan Oktoba na 1992. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, mahaifiyarsa ce ta riƙe shi. Ya soma ƙwallo a makarantar horon yara ta GBS da ke Jos, daga nan aka ba da shi aro ga ƙungiyar JUTH, watau ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, sa'an nan ya wuce Kano Pillars. A kakar 2009/2010, yana yaro ɗan shekara 17, ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a babbar gasar ƙasa, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa a kaka ɗaya kafinsa, har sai da Jude Aneke na Kaduna United ya ci 20 a 2011.

A watan Satumba na 2010 ya fara buga wa Super Eagles, a wasan da Nijeriya ta ci Madagaska 2-0 a Kalaba. A shekarar ce kuma ya tafi ƙasar Holan, ƙungiyar VVV-Venlo. A farkon 2012 CSKA ta birnin Mosko ta saye shi, inda ya ci kofin gasar Rasha sau uku. A 2016 Leicester City ta Ingila, wadda a lokacin ita ke riƙe da kofin ƙasar, ta biya fam miliyan 16 da ɗoriya ta ɗauke shi, amma zaman bai yi masa daɗi ba. Ya koma Mosko aro a 2018, daga can sai Al-Nassr ta Sa'udiyya, inda ya ci kofin ƙasar a 2019. A 2021 ya dawo Kano Pillars na ɗan lokaci, ya sake fita zuwa Turkiyya, sa'an nan a ƙarshen 2024 ya sake dawowa Pillars.

A rigar ƙasa kuwa, yana cikin waɗanda suka ci Kofin Afirka a 2013 ƙarƙashin marigayi Stephen Keshi, kuma ya ci ƙwallo a wasan kusa da na ƙarshe da aka lallasa Mali 4-1. Ya ci Ajantina ƙwallo biyu a gasar Kofin Duniya ta 2014 a Burazil, ya ci ƙasar Aisland biyu a ta 2018 a Rasha. Da waɗannan huɗu ya zama ɗan Nijeriya da ya fi kowa cin ƙwallo a Kofin Duniya, kuma na farko da ya ci a gasa biyu dabam-dabam. Ya gaji John Mikel Obi a matsayin kyaftin a 2019. Bisa lissafin da aka bayar lokacin saukarsa, ya buga wa ƙasa wasa 111, watau ya wuce Vincent Enyeama da Joseph Yobo, waɗanda kowannensu ya buga 101.

BAKIN MAGOYA BAYA BAI ZO ƊAYA BA

Kamar yadda aka saba a harkar tamaula, masu hirar sun kasu. Kashi na farko su ne masu cewa yabon gwani ya zama dole. Hujjarsu ita ce, a shekara 15 ɗin nan an canja masu horarwa da yawa, daga Keshi zuwa Sunday Oliseh, zuwa Gernot Rohr, zuwa Jose Peseiro, kuma an ga 'yan wasa da dama da suka yi fushi suka ƙi amsa kiran ƙasa, amma ba a taɓa jin Musa ya ƙi zuwa ba. Ko a sa shi daga farko, ko a ajiye shi a benci, yana nan.

Kashi na biyu su ne masu ganin ya makara wajen sauka. Suna kawo misali da gasar Kofin Afirka da aka yi a Kodebuwa a farkon 2024, inda Nijeriya ta kai wasan ƙarshe amma kyaftin ɗinta bai taka fili ba ko na minti ɗaya. A ganinsu gurbin da ya riƙe ya kamata a ce wani yaro mai tasowa ne ya samu. Wasu daga cikinsu ma suna ƙarawa da cewa gudu ne babban jarinsa, kuma shi gudu ba ya jiran mai shekaru.

Kashi na uku, waɗanda yawancinsu dattawa ne, ba su tsaya kan ƙwallayen da ya ci ba. Su abin da ya fi burge su shi ne komowarsa gida. Sun ce an saba ganin ɗan wasa in ya ƙetare teku sai dai a riƙa ganinsa lokacin hutu cikin babbar mota, amma wannan ya dawo ya sa rigar Pillars, ya shiga motar ƙungiya ya bi hanyoyin nan namu zuwa Aba da Ibadan da Maiduguri. Ya gina wuraren wasanni a Kano da Kaduna, kuma a 2022, da labari ya bazu cewa Kingsley Obiekwu, ɗaya daga cikin waɗanda suka ciyo wa Nijeriya zinariya a Atlanta a 1996, yana tuƙin motar haya don ciyar da iyalinsa, Musa ya aika masa da Naira miliyan 2.

Ni a nawa ganin, kowane kashi yana da tasa gaskiyar. Lalle ƙarfinsa ya ragu a shekarun baya-bayan nan, kuma masu cewa ya kamata ya sauka tun da wuri ba hassada suke yi ba. Amma maganar dattawan nan ita ce ta fi kusa da abin da ya shafe mu a wannan yanki.

ABIN DA YA SA KAFANCHAN TA ƊAUKE SHI NATA

Wanda bai san ƙasar nan ba zai yi mamakin yadda Bajju da Atyap da Ham da Fantswam da Bahaushe da Bafillace suka haɗu a kan son mutum ɗaya. Dalilin a fili yake. Mahaifin Ahmed Musa Musulmi ne, mahaifiyarsa kuwa, marigayiya Sarah, wadda ta rasu a watan Janairu na 2019, Kirista ce 'yar asalin Jihar Edo. Irin wannan gida ba baƙon abu ba ne a Kafanchan ko Zonkwa ko Kachia, inda za ka tarar da wa yana zuwa masallaci, ƙane yana zuwa coci, kuma tukunya ɗaya suke ci. Ya tashi a Jos, garin da ya ga tashin hankali a 2001 da 2008 da 2010, kamar yadda mu ma muka ga namu a Kafanchan a 1987, da Zangon Kataf a 1992, da kuma bayan zaɓen 2011. Saboda haka in ya yi kira a zauna lafiya, kamar yadda ya sha yi game da Jihar Filato, mutane suna jin maganar ta fito ne daga bakin wanda yake da dangi a ɓangarorin biyu.

Ba zan manta da ran 25 ga watan Yuni na 2014 ba. Mako guda kafin nan an tayar da bam a wani wurin kallon ƙwallo a Damaturu. A cikin makon kuma an kai hare-hare a ƙauyukan ƙaramar hukumar Sanga da ke maƙwabtaka da mu, sa'an nan da yammacin ranar, ana dab da soma wasa, labari ya zo cewa bam ya tashi a wata cibiyar kasuwanci a Abuja. Duk da haka gidan kallon da na shiga ya cika, ana ta kallon juna, kowa da abin da ke ransa. Messi ya ci mu a minti na 3. Kafin mutane su gama salati da kiran sunan Yesu, Musa ya rama a minti na 4. Messi ya ƙara ana dab da tafiya hutu, ana dawowa Musa ya sake ramawa. An ci mu 3-2 a ƙarshe, amma a ranar na ga mutanen da ba sa gaisawa a hanya sun rungume juna, an kifar da benci, an zubar da lemo.

Bayan shekara huɗu, ran 22 ga watan Yuni na 2018, a wasan Aisland, wanda ya kawo masa ƙwallon farko daga gefen dama shi ne Victor Moses, yaron da ya tashi a Kaduna, ya rasa iyayensa biyu a rikicin da aka yi a garin a 2002, aka tafi da shi Ingila yana ɗan shekara 11. Moses ya ba Musa, Musa ya jefa a raga. Ga duk wanda ya yi karatun Alƙur'ani ko na Littafi Mai Tsarki, ai suna ɗaya ne.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa ƙwallo za ta kashe wutar rikicin gona da kiwo, ko ta warware maganar sarauta da filaye. Ba za ta iya ba. Ana gama wasa kowa unguwarsa yake komawa, kuma a garuruwanmu da yawa unguwannin sun rabu bisa addini. Sai dai wuraren da matasan ɓangarorin biyu ke zama kafaɗa da kafaɗa na tsawon minti 90 ba su da yawa, kuma abin da ya yi ƙaranci bai kamata a yi wasa da shi ba.

TSANIN DA YA HAU

Yanzu mu duba hanyar da ta fito da shi. Akwai makarantar horo a garinsu. Akwai ƙungiyar wata ma'aikata, watau JUTH, da ke buga babbar gasa a garinsu. Akwai babbar ƙungiya irin Pillars da ta hango shi ta ɗauke shi. Akwai gasar ƙasa da ya ci ƙwallo 18 a cikinta har masu zaɓen 'yan wasan ƙasa suka gan shi. Mataki huɗu ke nan, kuma biyun farko duk a ƙofar gidansu suke. Da a ce sai ya nemi kuɗin mota zuwa Ikko kafin wani ya ga ƙafarsa, da wataƙila yau ba mu san sunansa ba.

Jihar Kaduna ta taɓa mallakar irin wannan tsani, har ma wanda ya fi na Jos tsawo. A zamanin da, kamfanoni da ma'aikatu su ne iyayen ƙwallo a ƙasar nan. Ƙungiyar Reluwe ta Ikko ita ce ta addabi kowa a shekarun 1940 da 1950. A Kaduna, ƙungiyar masaƙar UNTL ce ta fito da marigayi Rashidi Yekini, wanda ya ci wa Nijeriya ƙwallo 37, ya zama gwarzon Afirka a 1993, ya kuma ci mana ƙwallonmu ta farko a Kofin Duniya a 1994. Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na gasar masu riƙe da kofunan ƙalubale na Afirka a 1988, ta kuma ci kofin Afirka ta Yamma a 1989. A cikin tawagar da ta ciyo zinariya a Atlanta a 1996 akwai 'yan Kaduna har biyar: Daniel Amokachi, Tijjani Babangida, Garba Lawal, da Celestine Babayaro da wansa Emmanuel. A wasan ƙarshe da aka ci Ajantina 3-2, biyu daga cikin ƙwallayen nan Celestine da Amokachi ne suka ci. Ko a 2010 ma Kaduna United ta ci kofin ƙalubale na ƙasa.

To, ina aka kwana? Masaƙun Kaduna sun durƙushe, ƙungiyoyinsu sun bi su. Kaduna United ta faɗo daga babban rukuni a 2014. A kakar 2025/2026, cikin ƙungiyoyi 20 da suka shiga babbar gasar ƙasa, babu ko ɗaya daga Jihar Kaduna, alhali kuwa Kano tana da biyu, watau Pillars da Barau, sa'an nan Filato da Nasarawa da Bauchi da Katsina da Neja kowacce tana da tata. Yaron Kafanchan da ke son ganin wasan babban rukuni da idonsa a wannan kaka sai dai ya nufi wata jiha.

Daɗin daɗawa, ko a lokacin da jihar ke tashe, tsanin a cikin birnin Kaduna aka kafa shi. Duk biyar ɗin nan na Atlanta yaran birni ne. Kudancin jihar, mai ƙananan hukumomi takwas a mazaɓar ɗan Majalisar Dattawa, watau Jema'a, Jaba, Kachia, Kagarko, Kaura, Kauru, Sanga da Zangon Kataf, sai dai ya tura 'ya'yansa birni su gwada sa'a. Kafanchan ta girma ne da jirgin ƙasa, tun da layin dogo daga Fatakwal ya iso ya rabu biyu a nan a shekarun 1920, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya Jos. Da harkar jirgi ta ja baya, garin ya rasa babbar ma'aikatar da za ta iya ɗaukar nauyin irin wannan abu, kuma ba a sami wadda ta gaje ta ba.

Yara masu ƙafa kuwa suna nan birjik. Duk wanda ya bi ta filin wata makarantar firamare da la'asar a Kagoro ko Kwoi ko Manchok zai gan su. Abin da ke jiransu shi ne kofin da wani ɗan siyasa zai sa in zaɓe ya matso, a yi mako biyu ana bugawa, a raba riguna masu hotonsa, daga nan shiru sai wani zaɓen. Ko kuwa dillalin da zai zo ya ce zai kai yaro Turai, uba ya sayar da citta ko gona ya biya, a ƙarshe a yar da yaron a wata ƙasa ba ƙungiya ba kuɗin komowa.

DARASI DAGA ƘASAR AILAN

Dattawan yankin nan da suka yi makarantun mishan na Katolika sun san mutanen Ailan, domin da yawa daga cikin fadocin da suka yi aiki a lardin Kaduna da Jos daga can suka zo. Mutanen wannan ƙasa suna da wata ƙwallo tasu ta gargajiya da ake kira ƙwallon Gelik, wadda ake bugawa da ƙafa da hannu, mutum 15 a kowane gefe. Ƙungiyar da ke kula da ita, GAA, an kafa ta tun 1884, kuma ranar wasan ƙarshe filinta na Croke Park da ke birnin Dublin yana ɗaukar mutum fiye da 82,000.

Abin lura shi ne, ba a biyan 'yan wasan albashi, kuma ba a saye da sayar da su. Yaro yana farawa ne a kulob ɗin unguwarsu ko ƙauyensu, in ya yi fice a zaɓe shi ya wakilci gundumarsu, kuma yawanci a nan zai tsufa. Mai tsaron gidan Dublin, Stephen Cluxton, ya soma buga wa gundumarsa a 2001, ya ci kofin ƙasa baki ɗaya sau tara, na ƙarshe a 2023 yana da shekara 41, kuma sana'arsa ita ce koyarwa a makarantar sakandare. In irin wannan ɗan wasa ya yi ritaya, masu yi masa ban kwana maƙwabtansa ne da ɗalibansa da waɗanda suka yi aji ɗaya da shi. Kuma ba ya ɓacewa, sai ka gan shi ran Asabar yana koya wa yaran unguwa.

Ba ina nufin mu daina biyan 'yan wasa ba. Ailan ƙasa ce mai arziki, ɗan wasanta yana da aikin da zai ci abinci, namu kuwa ƙwallon ce gonarsa. Abin ɗauka a wurinsu shi ne, kulob ɗin na jama'ar wurin ne, su ke tara kuɗi, su ke gyara fili, su ke zaɓen shugabanni, don haka ba ya mutuwa in an canja gwamna ko an rufe masaƙa. Mafi kusa da wannan a Arewa shi ne Rabi'u Ali, wanda Kanawa ke kira Pele. Yana cikin waɗanda suka ci wa Pillars kofin ƙasa sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, kuma a kakar 2024/2025, yana da shekara 44, sun buga tare da Ahmed Musa. Kanawa sun san gidansu, sun san unguwarsu. Mu a nan wa za mu nuna mu ce namu ne haka?

BAYAN AN TUƁE RIGA

Amfanin samun ƙungiyar gida ba ya ƙarewa a kan yaro mai tasowa, har tsohon ɗan wasa ma yana bukatarta. Mun ga yadda Yekini ya ƙare rayuwarsa a kaɗaice a Ibadan a 2012. Mun ga yadda a 2019 sai da attajiri Femi Otedola ya biya kuɗin jinyar Christian Chukwu, kyaftin ɗin da ya fara ɗaga mana Kofin Afirka a 1980. Gidajen da gwamnati ta yi wa 'yan wasan 1994 alkawari kuwa, sai a 2021 aka amince a ba su, bayan wasu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. Ɗan wasan da ba shi da wurin komawa, ranar da tafi ya ƙare, shi ke nan.

Musa ya sami wurin komawa. A watan Yuli na 2025 gwamnatin Jihar Kano ta naɗa shi Babban Manajan Kano Pillars, kuma bai daɗe ba ya gane cewa kujera ta fi fili zafi. A watan Oktoba na shekarar, bayan Shooting Stars ta Ibadan ta rama ƙwallo ana dab da tashi a filin wasa na Sani Abacha, wasu 'yan kallo suka kutsa cikin fili suka far wa alƙalan wasa da baƙi. Hukumar gasar ta ci Pillars tara, ta rage mata maki uku, ta kuma mayar da wasanninta na gida zuwa Katsina. Musa ne ya fito ya ba da haƙuri. Wannan ya nuna mana cewa suna kaɗai ba ya gyara ƙungiya, kuma duk wanda zai kafa kulob a wuri mai saurin kama wuta irin namu, tilas ya fara da tarbiyyar 'yan kallo kafin ya sayi riga.

ABIN DA YA RAGE MANA

Ba sai mun jira Gwamnatin Tarayya ko ta jiha ba. Abu na farko shi ne gasa mai ɗorewa tsakanin ƙananan hukumomin nan takwas, wadda za a riƙa yi kowace shekara bayan an gama girbi, ko da zaɓe ko babu, a rubuta sunan kowane yaro da shekarunsa na gaskiya, a kuma sa doka cewa ba za a karɓi ƙungiyar da aka kafa bisa addini ɗaya ko ƙabila ɗaya ba. Kafanchan tana da filin wasa. Akwai Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, akwai reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan, ga kuma jami'ar tarayya da aka kafa a Kachia a 2025. Malaman wasanni da ɗalibansu za su iya alƙalanci da horarwa.

Abu na biyu shi ne a tace gwanayen wannan gasa a kafa ƙungiya ɗaya ta yankin baki ɗaya, a yi mata rajista a ƙaramin rukuni na ƙasa, ta hau da ƙafarta. Ta zama ta masu biyan kuɗin shiga, daga 'yan kasuwar citta na Kachia da Kwoi, zuwa ƙungiyoyin direbobi, zuwa 'ya'yan yankin da ke aiki a Abuja da Kaduna da Ikko. Sarakunanmu, tun daga Sarkin Jema'a har Sarkin Kagoro da sauran 'yan'uwansu, su zama iyayenta, domin wurin da sarakuna biyu suka zauna tare ba a cika jifa ba. Jama'ar da ke taruwa a Kagoro kowace ran 1 ga watan Janairu don bikin Afan ta isa shaida cewa mutanenmu suna fitowa in an ba su abin da suke jin nasu ne.

Na san za a ce da ni hanyoyi ba su da tsaro, kuma aljihu ya bushe, balle ga manoman citta da annobar 2023 ta cinye musu gonaki. Gaskiya ne. Amma ana iya buga wasa da rana a tashi kafin magariba, ana iya farawa da garuruwan da ke kan babbar hanya, kuma kuɗin da matasanmu ke biya kowane mako a gidajen kallo don su ga Arsenal da Chelsea, in an tara kaɗan daga cikinsa zai sayi ƙwallo da raga. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da bai sami fili yana ɗan shekara 14 ba, akwai masu jiransa da wani abin da ba ƙwallo ba.

Ahmed Musa ya yi nasa, ya sauka yana da shekara 33, kuma muna yi masa fatan alheri a duk inda ya sa gaba. Saura mu. In muka tashi tsaye, wataƙila nan da shekara 20 masu hira a teburin mai shayi a Kafanchan za su yi ban kwana da wani gwani wanda suka san mahaifiyarsa a kasuwa, suka kuma ga ranar da ya fara sa takalmi. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya kuma nuna mana wannan rana, amin.